Tambayoyi da Amsoshi a Kan Ɗabi'ar Karatu da Zaman Ma'abota Littattafai

Duk lokacin da muka haɗu domin zaman karatu na ƙarshen wata, kafin a buɗe littafin da ya tara mu, sai an sami wani sabon zuwa ya kawo ɗaya daga cikin tambayoyin da ke ƙasa, kuma sau da yawa wadda aka amsa a watan jiya ita ce za a sake yi. Shi ya sa na tattara su wuri guda tare da amsoshin da muka saba bayarwa, na fara da na masu shigowa, sannan na gangara zuwa na waɗanda suka yi nisa. Inda ra'ayina ya saɓa da na sauran abokan zama, na faɗa.

Ina sha'awar karatu, amma ban cika gama littafin da na fara ba. Ta ina zan soma?

A soma da ƙaramin littafi, wanda za a iya kai ƙarshensa cikin mako guda, kuma a kan abin da zuciya ta riga take so, ko labari ne ko tarihi ko waƙa. Yawancin masu kawo mana wannan kuka, idan aka bincika, sai a tarar wani ƙaton littafi suka ɗauko saboda sun ji ana yabonsa, suka yi shafi talatin suka gaji, daga nan suka yanke wa kansu hukuncin cewa su ba masu karatu ba ne. Malaman zaure ba sa yi wa ɗalibi haka. Wanda ya zo neman fiƙihu ba a miƙa masa Risala a ranar farko; Ƙawa'idi ake fara biya masa, ya sauke ya shiga Ahlari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, kowace sauka tana ƙara masa ƙarfin gwiwar ɗaukar na gaba. Daɗin kai ƙarshen littafi shi ke jawo mutum zuwa ga na biyu, saboda haka a nemi wannan daɗin da wuri.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da karatu ga mai sana'a ko mai hidimar gida?

Lokacin da ba ya sauyawa. Wanda ya ce zai yi karatu idan ya sami sarari yakan kai ƙarshen shekara sararin bai zo ba, domin hidima ba ta ƙarewa. Mu da salloli biyar suka riga suka raba mana yini muna da sauƙi a nan, tunda abin da ake buƙata kawai shi ne a jingina karatun da ɗaya daga cikinsu: bayan asuba kafin gida ya tashi, ko tsakanin la'asar da magariba, ko bayan isha'i kafin barci ya ci ƙarfin ido. Wata daga cikinmu, uwar 'ya'ya huɗu, nata lokacin shi ne daga fitar yara makaranta zuwa ɗora tukunyar rana. Wani tela mai keken wuta kuma yana ajiye littafinsa a aljihun tebur tare da zare da almakashi, da zarar an ɗauke wuta sai ya jawo shi, ya juya kujerarsa wajen hasken ƙofa, kuma a haka ya fi da yawa daga cikinmu karatu.

Minti ashirin sun isa a farko. Shafi 10 a rana shafi 300 ne a wata, wato matsakaicin littafi guda, ko ƙananan littattafan hikaya biyu zuwa uku.

Littafi nawa ya kamata mutum ya karanta a shekara?

Babu adadin da ya wajaba, kuma ni ƙidayar ma tsoronta nake ji, saboda na ga yadda take sa mutum ya riƙa zaɓen sirara yana gudun masu kauri, yana tsallake shafuka domin lissafi ya cika. Wanda ya karanta littattafai shida kuma ya iya ba da bayanin kowannensu ya fi wanda ya ƙirga hamsin bai riƙe komai ba. Wasu abokan zamanmu sun ce su adadin zaburar da su yake yi, ban kuwa musa musu ba. Idan dai za a sa adadi, a sa na shafukan yini kamar yadda ya zo a amsar da ta gabata, a bar na shekara ya fito da kansa.

Laifi ne a ajiye littafi ba a gama shi ba?

Ba laifi ba ne, amma a rarrabe tsakanin littafi mai nauyi da littafi maras armashi. Mai nauyi haƙuri yake so, kuma yakan biya wanda ya jure masa. Maras armashi kuwa ko an kai shafin ƙarshe ba abin da za a tarar. Shawararmu ita ce a ba kowane littafi kimanin shafi hamsin, idan har zuwa nan bai kama mutum ba sai a rufe shi, a rubuta dalilin a littafin ajiyar karatu da za a yi bayaninsa nan gaba. Sau da yawa littafin da ya gagari mutum yana ɗan shekara ashirin yakan zama abin ƙaunarsa bayan ya yi aure ya ga rayuwa. Wuri ɗaya ne ba ma yarda a ajiye: idan littafin da aka zaɓa wa zama ne, domin a nan alkawari ya shiga tsakani.

Gaskiya ne cewa Bahaushe ba ya karatu?

Magana ce da ake yawan maimaitawa, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Tun kafin zuwan Turawa ana rubuta Hausa da ajami, ana kwafar waƙoƙin wa'azi da hannu, ana yawo da su a gafaka daga gari zuwa gari. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara malamai mata da ake kira jaji, suna zuwa wurinta su karɓi waƙoƙi, su koma garuruwansu su koyar da 'yan'uwansu mata. Wannan tsari na 'Yan Taru shi nake tunawa duk lokacin da wani ya ce mini taruwa domin karatu baƙon abu ne a wurinmu.

A ɓangaren boko kuma, gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da littattafan hikaya biyar na farko, cikinsu har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, a zamanin da masu iya boko ba su da yawa, har mutum ɗaya yakan karanta a ƙofar gida jama'a su kewaye shi suna saurare. Kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a Zariya a 1966 ya ci gaba da buga littattafan da makarantu suka dogara da su, sannan daga shekarun 1980 matasa maza da mata, musamman a Kano, suka shiga buga labaransu da kuɗin aljihunsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka cika kasuwa da ɗaruruwan littattafai.

Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Bahaushe bai cika sayen littafi gwargwadon yadda yake karanta shi ba. Kwafi ɗaya yakan shiga gida, uwargida ta karanta, amarya ta karɓa, ƙanwar maigida ta tafi da shi makarantar kwana, ya zaga ɗakin kwanansu kafin ya dawo bangonsa a cire. Duk wanda ya auna masu karatunmu da yawan kwafin da aka sayar, ya bar mafi yawansu a waje. Dalili ke nan da ya sa tambayoyin haya da aro da ke tafe suka fi ɗaukar mana lokaci.

Littattafan soyayya karatu ne ko ɓata lokaci?

Karatu ne, kuma sunan da aka laƙaba musu ya fi su ƙunci. Wanda ya zauna ya karanta su da idon basira zai tarar soyayyar ƙofa ce kawai, abin da ke ciki shi ne auren dole da kishi da saki da riƙon ɗan kishiya da gwagwarmayar 'ya mace a kan karatunta, abubuwan da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa suka fito da su fili a lokacin da ba kowa ke iya furta su ba. Mata da yawa da aka cire daga makaranta da wuri, da waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu bai zube ba, wasunsu ma daga nan suka ɗauki alƙalami. Gasar gajerun labarai ta Hikayata ta mata zalla da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan marubutan da ke cikin gidaje.

Wannan ba ya nufin duka nagari ne. Akwai masu raunin zubi, akwai waɗanda aka ja labarinsu zuwa kashi huɗu alhali biyu sun isa, akwai kuma masu batsa, kuma damuwar iyaye a kan haka tana da tushe. A 2007 an ƙona tarin irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano. Ni dai ban ga abin da wuta ta gyara ba. Abin da na ga yana aiki shi ne uwa ko yaya ta fara karanta littafin kafin ya isa hannun yarinya, sannan su yi hirarsa. Ga babba kuma, shawarata ita ce kada ya tsaya a kan nau'i ɗaya: bayan hikaya biyu a saka tarihi ɗaya ko diwanin waƙoƙi.

Ina ake samun littafi idan kuɗin saye bai kai ba?

Hanya mafi tsufa a unguwanninmu ita ce haya. Waɗanda suka tashi a birane a shekarun 1990 za su tuna ɗan shagon mai haya, littattafai jere a kanta an naɗe bangonsu da salatif, da babban littafin rajista inda yake rubuta sunan yaron da aka aiko da sunan gidan da ya fito da ranar da za a dawo da shi. Shagunan sun ragu tun da waya ta shigo, amma ba su ƙare ba. A Kano, masu sayar da hikaya sun fi yawa a Kasuwar Sabon Gari, littattafan addini da na Larabci kuma Kasuwar Kurmi ce gidansu, sannan a bakin manyan makarantu ana samun masu shimfiɗa littattafan gwanjo a ƙasa, inda mai haƙurin tonawa yakan tsinci abin da ya daɗe yana nema da araha.

Kada kuma a manta da ɗakunan karatu na gwamnati, irin su na Murtala Muhammed a Kano, domin mutane da yawa suna ɗauka na masu shirin jarrabawa ne kawai. Hanya ta ƙarshe ita ce adashin littafi: mutum biyar kowa ya sayi guda, a riƙa juyawa, kowa ya karanta biyar da kuɗin ɗaya.

Mene ne ladabin aron littafi, kuma me zan yi da wanda ba ya mayarwa?

Mai aro ya faɗi ranar da zai dawo da shi tun kafin a tambaye shi, kada ya ninke kusurwar shafi, kada ya yi rubutu a ciki, kuma kada ya ara wa wani ba da sanin mai shi ba. Wannan na ƙarshe shi ne ramin da yawancin littattafai suke faɗawa, domin aro a kan aro ba ya da mai ɗaukar alhaki. Idan ya yage ko ruwa ya taɓa shi, a faɗi gaskiya a nemi biya, kada a maido shi a ɓoye tsakanin wasu.

Na taɓa rasa wani tsohon bugu da na gada daga mahaifina, mai ɗauke da sunansa da rubutun hannunsa a shafin farko. Wani aboki ya ara na mako biyu, ya ba wani, wancan ya yi ƙaura da shi, kuma har yau idan na tuna sai na ji zafin a ƙirjina. Tun daga nan na raba littattafaina gida biyu: waɗanda ke fita, da waɗanda duk mai so sai dai ya zo ya karanta a zaure. Masu fita kuma ina rubuta sunan mai aro da kwanan wata a gabansa. Wasu kunya takan hana su yin haka, amma rubutun yana kare zumunci, domin yana raba mutum da zargi. Wanda ya riƙe littafi a tuna masa da lafazi mai daɗi sau ɗaya ko biyu. Idan bai kawo ba, a yafe, a kuma daina ba shi.

Karatu a waya ko sauraron labari a rediyo daidai yake da karatu a takarda?

Kalmomin ɗaya ne, hankalin da ake ba su ne ya bambanta. Waya ta kai littafi inda shago bai kai ba, ta kuma sauƙaƙa wa Hausawan Kumasi da Yawunde da Khartum samun abin da aka rubuta a Kano ko Damagaram. Aibinta shi ne saƙo yakan faɗo a tsakiyar jimla ya ja mutum wani wuri, saboda haka mai karatu a waya ya kashe data har ya gama shafukansa. Ni littafin da nake son ya zauna mini a kai, a takarda nake nemansa.

Sauraro kuwa ba abin rainawa ba ne ga al'ummar da ta tashi da tatsuniya da karatun zaure. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta hikayoyi, kuma ta wannan hanya makafi da tsofaffi da matan da hannunsu ke cikin aiki suke shiga hirar littafi tare da kowa. Abin da sauraro ba ya koyarwa shi ne ƙa'idar rubutu, don haka mai burin zama marubuci dole idonsa ya saba da shafi.

An turo mini littafin wani marubuci kyauta a waya. Ya halatta in karanta in tura gaba?

Idan marubucin ne ya sake shi kyauta, babu damuwa. Idan kuwa na sayarwa ne wani ya kwafa ya watsa, to haƙƙin mutum ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, ta hana. Wasu sukan ce ai da aro duk ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne: littafin aro guda ne, yana hannun mutum ɗaya a lokaci ɗaya, kuma wani ya riga ya saye shi, kwafin waya kuwa cikin dare ɗaya yake zama dubu. Yawancin marubutanmu da kansu suke biyan maɗaba'a, kuma idan kuɗin littafin farko bai dawo ba, na biyu ba zai fito ba. Wanda kuɗi suka yi masa wuya ya koma ga hanyoyin da aka zayyana a amsar samun littafi.

Yaya ake kafa zaman karatu har ya ɗore?

A fara da mutum huɗu zuwa takwas. Idan sun gaza haka, rashin zuwan mutum ɗaya yakan rushe zaman. Idan sun wuce, masu kunya sukan yi shiru masu baki su mamaye. A tsayar da rana ɗaya da ba ta motsi, misali Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar, a kuma tashi kafin magariba ko da hira ta yi daɗi, musamman saboda matan da suka nemi izini suka fito. Zaɓen littafi ya riƙa zagayawa, kuma kafin a amince da shi a tabbata ana iya samunsa, a bar isasshen lokaci ga masu jiran kwafin aro ya iso kansu.

Abubuwa biyu na gani suna kashe zama. Na farko hidimar abinci: mai masauki na farko ya yi shinkafa da kaza, na biyu ya ga ba zai iya ba, sai ya fara kawo uzuri. Mu ruwa da gyaɗa ko dabino muka tsayar, ba a ƙarawa. Na biyu shi ne zaman ya rikiɗe ya koma hirar siyasa ko ta biki. Maganinsa a naɗa mai jan ragama na wannan rana, ya zo da tambayoyi uku a rubuce, ya buɗe da karanta sakin layi ɗaya da murya, sannan ya bi kowa da ɗai-ɗai, yana farawa da mafi ƙanƙanta domin kada maganar manya ta rufe tasa. Idan wani dattijo ya ja zance, sai a ce, "Allah ya gafarta Malam, bari mu ji ta bakin Malama," a wuce cikin mutunci.

Masu son ganin yadda manyan taruka suke, reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, ya daɗe yana shirya zaman da marubuta ke karanta ayyukansu a yi musu gyara, a Kaduna kuma an fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017. Ranar 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, rana ce mai kyau ta buɗe sabon zama.

Yaya zan yi sharhin littafi ba tare da na ɓata wa wani labarin ko na ci zarafin marubuci ba?

Sharhi ba maimaita labari ba ne. A faɗi abin da littafin ya sa gaba a jimla biyu ko uku, a tsaya kafin inda ƙullin yake warwarewa, sannan a shiga abin da ya fi amfani: ina marubucin ya yi ƙarfi, ina ya yi rauni, kuma da wace hujja. "Ya yi daɗi" ba ta isa ba, haka ma "bai yi ba". A nuna shafin, a ce a nan maganar tsohuwar ta fito kamar ana jinta, a can kuma an aurar da yarinyar ba a nuna mana yadda mahaifinta ya sauya ra'ayi ba. A yi magana a kan rubutun, a bar rayuwar mai rubutun, kuma kada a ɗora masa halin wani da ya ƙirƙira a labari. Yabon da aka yi saboda sanayya shi ma cuta ne, domin yana sa wani ya kashe kuɗinsa a banza, yana kuma hana marubucin gyara.

Mene ne littafin ajiyar karatu, kuma me ake rubutawa a ciki?

Littafin rubutu ne na 'yan makaranta, mai shafi 60 ko 80, wanda ake ware wa karatu kaɗai. Kowane littafi a ba shi rabin shafi: sunansa da na marubuci, ranar farawa da ta gamawa, wurin da aka samo shi, sai jimla uku a kan abin da ya rage a zuciya, da sababbin kalmomi ko karin maganar da aka tsinta. Daga nan ake ɗebo abin faɗa a zaman karatu da kayan sharhi, kuma shafukan baya su ne wurin rubuta masu aro.

Yaya zan kare littattafaina daga gara da ƙura da danshi?

Gara ce babbar abokiyar gaba, kuma ta ƙasa da bango take zuwa, musamman a ɗakin ƙasa. Kada a ajiye kwalin littattafai a daɓe ko a jingina shi da bango. A ɗora a kanta mai tazara daga ƙasa, a bar ɗan sarari a bayanta, a kuma riƙa leƙawa ko an fara ganin siririn ginin jar ƙasa yana hawa. Adakar ƙarfe tana tsare gara da ɓera, amma da damina takan riƙe danshi, har shafuka su manne su yi baƙin tabo, saboda haka a buɗe ta a ranar da gari ya yi wasai, a baza littattafan a inuwa su sha iska. Kada a shanya su a rana tsaka, domin takarda takan yi rawaya, gam ɗin gindi ya bushe ya saki.

Da hunturu kuwa ƙura ce, kuma labule a gaban kanta da busasshen tsumma sau ɗaya a mako sun wadatar. Ƙananan littattafan hikaya da aka ɗinke da ƙusar waya sukan yi tsatsa a tsakiya, tsatsar ta cinye takardar har shafukan ciki su zube. Idan aka ga alamar haka, a zare wayar a hankali, a ɗinke gindin da zare da allura a huda uku, sannan a yi masa riga da takardar tsohuwar kalanda, a rubuta sunansa da kashinsa a gefe domin na ɗaya kada ya rabu da na biyu.